Jaruman Ƙarƙashin Mota: Ire-iren Masu Juye a Gida

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, Naira kuma ta bi iska, masu mota suka shiga lissafin da a da ba sa yi. Galan ɗin baƙin mai ya yi tashin gwauron zabo, filta ta bi sahu, ga kuɗin aikin bakanike, ga na yaronsa da zai tsaya a bakin taga yana sosa ƙeya. Sai magidanta da dama suka ce, shin juyen nan wani abu ne? A kwance noti, a tsiyaye tsohon mai, a canza filta, a ɗura sabo, shi ke nan. Da gaskiyarsu, don aikin bai wuce rabin awa ba ga wanda ya bi ƙa'ida. Sai dai duk halin da mutum yake da shi a gida da kasuwa, da shi yake rarrafawa ƙarƙashin mota. Ga waɗanda za ka tarar ranar Asabar da hantsi, ƙafafu a waje, sauran jiki a ciki.

Mai Filaya

Kayan aikinsa kakaf guda ɗaya ne. Da filaya yake gyaran fanka, da ita yake zare ƙusa, da ita kuma zai tunkari notin juye. Ka ce masa na yawancin motocin Toyota lamba 14 ne, na Honda lamba 17, sifanar zobe ɗaya ta wadatar, sai ya ce, "Haba, duk ƙarfe ne ai." Murɗar farko filaya ta zame, ta biyu ta cinye kusurwa. Kafin azahar noti mai kusurwa shida ya zama mulmulalle, fatar bayan hannun maigida kuma ta zauna a jikin inji. Sai a aiki yaro maƙwabta aron guduma. Ƙarshenta dai mai walda za a kira ya liƙa wani noti a kan wancan kafin ya kwantu, kuma abin da za a biya shi ya isa a sayi sifana har a karɓi canji.

Sarkin Ƙarfi

Shi yana da sifana, har da guntun bututun ƙarfe da yake zura mata don ta ƙara tsawo. A wurinsa, abin da bai yi ƙara ba bai ɗauru ba. Ƙarfin da kamfanoni suka rubuta wa wannan noti a irin waɗannan motoci bai wuce wajen niyuton-mita 40 ba, abin da hannu ɗaya zai yi ba tare da nishi ba. Sarki kuwa sai ya dafa taya, ya sa ƙafa, ya yi kabbara. In kaskon ƙasan injin na alminiyam ne, haƙoran ramin za su biyo notin waje, daga ranar kuma mota ta fara sa hannu a duk inda ta kwana. Abin da ke hana yoyo ɗan zoben nan ne mai laushi, washa, wanda ake matsewa sau ɗaya a sake sabo a juye na gaba. Filta ma da hannu ake ɗaure ta: a shafa wa robarta sabon mai, a murɗa har ta taɓa jikin inji, a ƙara abin da bai kai zagaye ɗaya ba. Shi da sarƙa yake ɗaure tasa. Bayan wata shida za ka same shi ya soka mata sukundireba ta ɓulla ta ɗaya gefen, mai yana bin gwiwar hannunsa, yana Allah wadai da mugun da ya ɗaure ta haka.

Baba Mai Kauri

A Fijo 504 ya koyi tuƙi, irin wadda kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975, kuma ita ce ma'auninsa har gobe. Yakan ɗiga mai a yatsa, ya murza, ya ɗaga ya ga ko zai yi zare. In ba 20W-50 ba ne, bai ga mai ba. Yanzu ɗansa ya sayo masa Camry, an rubuta 0W-20 ɓaro-ɓaro a kan murfin inji.

"Baba, ga abin da suka ce a zuba."

"Wannan ruwan shayin? Ɗana, turawan nan sun san zafin Sakkwato kuwa?"

Lambar da ke gaban W tana nuna yadda mai ke gudu in inji ya yi sanyi, ta baya kuma kaurinsa in ya ɗau zafi. Hanyoyin mai a injinan yanzu tsukakku ne, na'urar VVT-i ma da matsin mai take aiki, kuma da safe, kafin mai ya zagaya ko'ina, inji ya fi cin kansa. Baba bai yi kuskure gaba ɗaya ba, don wasu littattafan mota sun yarda a ɗan ƙara kauri a ƙasashe masu zafi, har sun jera lambobin. Littafin yana nan cikin aljihun mota, tare da fatikula da tsohon carbi, ledarsa ma ba a ɓare ba.

Ɗan Araha

In ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, mai shago zai jera masa filta uku: ga orijina, ga mai bi mata, ga ta maneji. Sai ya leƙa bayan kanta ya ce, "Alhaji, ba wata ƙasa da wannan?" A cikin filta ta ƙwarai akwai takarda mai ninki-ninki da ke tare datti, da robar da ke hana mai komawa ƙasa in an kashe mota, da wata ƙofar da ke buɗewa in takardar ta toshe don kada inji ya zauna ba mai. A cikin tasa, fenti da suna kawai ke da tabbas. In ma abin ya motsa masa, tsohuwar zai wanke da fetur ya shanya a kan katanga. Mai kuwa na awo yake saye a bakin titi, cikin robar lemo, ba hatimi, ba alamar API irin SN ko SP da ke nuna darajarsa. Hukumar SON ta sha kama jabun baƙin mai a ƙasar nan, amma shi ya ce hassada ce. Ranar da inji ya buga, ya ce sammu ne.

Ɗalibin YouTube

Kayan aikinsa sun fi na gareji kyau: safar hannu, mazurari, tiren tara mai, sifana mai awon ƙarfi. Ƙaramin ɗansa ne mai riƙe waya, ana cewa, "Tsayar! Koma baya kaɗan!" Malaminsa wani bature ne da ke zaune inda ƙura ba ta tashi, wanda ya ce man zamani yana kai mil 10,000. Ɗalibi ya haddace wannan, ya manta da hunturu, da cunkoson titi, da 'yan gajerun tafiye-tafiyen kai yara makaranta, waɗanda littafin mota ya lissafa cikin aiki mai tsanani, ya ce a rage tazarar juye. Ya kuma manta motarsa 'yar Amurka ce, da mil take ƙirga, 5,000 a fuskarta kilomita 8,000 ke nan. Sai da ya tsiyaye mai tas ya gano cewa filtar tasa ba irin ta bidiyon ba ce: ta wasu Corolla daga ƙirar 2009 takarda ce zalla a cikin murfi, wanda sai da wani kofin ƙarfe mai faɗin milimita 64 ake kwance shi. Shi ne za ka gani a Adaidaita Sahu da safar hannu, ya nufi kasuwa.

Mai Gudun Asara

Ya sayo galan mai lita 5, injinsa na Corolla kuwa lita 4 da 'yan kai yake ci. Ya dubi ragowar, ya tuna kuɗin da ya biya, ya ce alheri ba ya yawa, ya juye duka har da buga gindin galan. In mai ya yi yawa, karanshaf yana dukansa har ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta hana ƙarfe cin ƙarfe. Robobin inji su fara tsatsafa, salansa ta fara shuɗin hayaƙi. Gejin mai alama biyu gare shi, tsakaninsu ake so, a fili mai daidai, bayan an kashe mota an ba ta 'yan mintoci. Shi in bai ga mai ya haura ta sama ba, gani yake an cuce shi.

Mantau

Komai ya yi daidai, abu ɗaya kawai ya bari. Yau notin juye ne: yana ɗura sabon mai ta sama yana yabon yadda injin ke sha, sai da ya ji sanyi a silifas. Gobe robar tsohuwar filta ce ta maƙale a jikin inji, ya ɗora sabuwa a kai, yana tayar da mota mai ya yi feshi. Babbar ranarsa ita ce da ya ga man da ke zuba ja ne, ya ce lallai injin nan lafiyayye ne. Man giya ya tsiyaye. Ya ƙara wa inji lita huɗu a kan huɗun da ke ciki, ya bar giya a bushe, ya wanke hannu ya ce a kawo abinci.

Mai Tawakkali

A kan wannan dariya takan tsaya a maƙogwaro. Ya ɗaga mota da ɗan jak ɗin canza taya, a kan rairayi, ya shige ƙarƙashi yana cewa kowa da ranarsa. In ka matsa masa, ya tura bulon siminti guda, wanda ke rugurgujewa ba sallama. Ƙaramar mota ma ta haura tan ɗaya, kuma jak don ɗagawa aka yi shi, ba don riƙewa mutum na kwance ba. Ƙafafun ƙarfe biyu na dogara mota, da burkin hannu, da dutse a bayan taya, da ƙasa mai tauri, su ne ɗaure raƙumin da aka ce a yi kafin tawakkali.

'Yan Majalisa

Ba wanda ya gayyace su, kuma ba mai ko keke a cikinsu. Ɗaya ya ce a wanke injin da kananzir. Ɗaya ya ce tun da mai ya yi baƙi wuri, jabu ne, alhali mai na ƙwarai aikinsa ke nan, ya kwashi datti ya riƙe. Na uku ya ce a zamaninsu ba a juye, ƙari ake yi. In abu ya ɓaci, kowa ya tuna yana da ɗaurin aure.

Mai Kwata

Aiki ya ƙare, saura tambayar da ba wanda ya shirya mata: ina za a kai baƙin ruwan nan? A robar wankin uwargida aka tare shi, kuma wannan shari'a ce da za a yi da dare. Shi dai ya jira magariba ya tuttule a kwata. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juye ɗaya zai iya ɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha, ga rijiyar gidansa taku kaɗan daga kwatar. Da ya mayar da shi cikin galan ɗin da ya zazzage ya kai gareji, da an karɓa, don akwai masu saye.

Akwai kuma wanda ya karanta littafi, ya sayi lambar da aka ce, ya dogara mota, ya ɗaura da hankali, ya tayar ya duba yoyo, ya rubuta kilomita a takarda. Ba ya tara majalisa, don babu abin kallo.

Wanda ya fi kowa murna da wannan yayi kuwa bakanike ne. Da farko ya ɗauka an yanke masa abinci, sai ya ga Litinin ta fi kowace rana ciniki. Za ka gan shi ya leƙa ƙarƙashin motar da aka turo, ya jima shiru, ya fito yana goge hannu.

"Yallaɓai, wa ya taɓa motar nan?"

"Wani yaro ne a unguwarmu."

"Allah Ya shirye shi. To, kuɗin juye daban, kuɗin gyaran juye daban."