Ranar da Na Zubar da Ƙanƙara, Na Sayi Ƙanƙara

Dabarar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Bayan Babbar Sallah na ce wa uwargida bana ba jirgi ba otal. Za mu yi hayar motar nan mai ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, wadda Amurkawa ke kira RV, mu tashi daga Houston mu miƙe kan babbar hanyar I-10 har Florida. Ta ce to, amma naman layya ba zai kwana gida shi kaɗai ba. Haka aka cusa rabin rago a firiza, har da kai da ƙafa, aka toshe sauran gurbin da robobin miyar kuka.

Iskar Louisiana a watan Yuli jiƙaƙƙiya ce, kamar ka leƙa tukunyar tuwo. Yara kuma bini-bini sun buɗe firij, ba yunwa ba ƙishi, sai dai su duba ko wani abu ya haihu a ciki. Duk buɗewa ɗaya danshi ya shiga, ya daskare. Irin wannan firijin kuwa ba ya narkar da ƙanƙararsa da kansa kamar na gida. Mun yi Baton Rouge, mun yi New Orleans, kwana takwas ke nan muka yada zango kusa da Mobile a jihar Alabama. Da asuba madara ta yi tsami, don ƙanƙara ta lulluɓe ƙarafan sanyin kamar bargo. Na buɗe firiza, sai muka haɗa ido da kan rago, yana can cikin ƙanƙara yana kallona kamar ina riƙe masa bashi.

"Malam, kashe shi za ka yi ya narke," in ji uwargida.

Na ce ai namiji ba ya zaman jiran ƙanƙara. Na zaro wuƙar da aka yi fiɗa da ita, na naɗe hannun riga, na fara sara. Sara na uku na ji ihu daga ƙofa. Wani dattijon Bature ne, maƙwabcinmu a sansanin, da kofin shayi a hannu, fuskarsa ta yi ja wur.

Da ya samu numfashi ya yi mini karatu. Bayan bangon nan da nake sara, bututu ne ɗauke da amoniya. Firijin ba shi da inji ko ɗaya: ɗan harshen wutar gas ne ke tafasa amoniyar, ta zaga ta haifar da sanyi. Wuta ta haifi ƙanƙara, ikon Allah! Wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro shi a 1922. In wuƙata ta huda bututun, wari zai kore mu waje, firijin kuma sai jana'iza, ga kuɗinsa ya ninka na ragon. Na ajiye wuƙar a hankali. Uwargida ba ta ce komai ba, abin da ya fi magana ciwo.

Muka kashe firij, muka buɗe ƙofofi, aka sa kwanon ruwan zafi a ciki. Abin da ban lura ba shi ne a karkace na ajiye motar, alhali wannan firiji ba ya shiri da gangare ko yana aiki. Ruwan da ya kamata ya bi ɗan bututunsa ya fita waje sai ya zaɓi tsakar ɗaki. Ya jiƙa tawul huɗu, ya ratsa darduma ta salla, ya tare a cikin takalmina na zuwa Juma'a.

Saura nama. Kula muna da ita, abin sanyaya ta ne babu. Na zubar da bokiti biyu na ƙanƙarar da Allah ya ba ni kyauta, na taka zuwa shago na sayi leda huɗu ta ƙanƙara da dalolina. Ɗan autana ya ce, "Baba, ita wannan ta fi waccan daɗi ne?" Na ce ya je ya yi wasa.

Sai da na kunna firijin dattijon ya ƙara da cewa kafin ya yi sanyi sosai sai ya kwana. Nama kuwa ya riga ya saki. Uwargida ta ɗaura zani, ta haɗa wuta a murhun sansanin, aka shiga suya da farfesu. Ƙamshi ya tara mana jama'a. Wata tsohuwa daga Ohio ta sha miyar kuka kwano biyu tana tambayar sunan alayyahon.

Kafin ya tafi, dattijon ya maƙale takardar dala ɗaya a bakin ƙofar firiza, ya rufe, ya ja. Ta zare salin-alin. Ashe bakin ledar kan ragon ne ya danne robar ƙofar tun daga Houston, ba ta taɓa rufuwa daidai ba. Ni na sa ledar.

Mun shiga Florida da firiji mai sanyi ƙarara, babu komai a cikinsa sai gorar ruwa uku da rabin lemon tsami.