Idan Alƙalami Ya Cije

Duk wanda ya taɓa zama gaban farar takarda ya san ranar da kai ke cushewa, labarin da jiya yake zuba yau ko ɗigo babu. Ciwon ɗaya ne, majinyatan ne kala-kala.

Akwai mai jiran ilhama. Shi a wurinsa rubutu saukowa yake yi, ba a nemansa. Da rana zafi ya hana shi, da dare sauro, da asuba kuwa barci ya fi daɗi. Ya ce sai damina, damina ta faɗi ya ce ƙarar ruwa a kan kwano tana raba masa hankali. Ka tambaye shi ina littafi, sai ya shafa gemu ya ce, "Yana nan yana nuna."

Ƙaninsa shi ne mai sayayya. Ya sayi biro kala uku da littafin rubutu mai bangon fata, sannan ya gano kwamfuta ce matsalarsa. Da ta samu sai laifi ya koma kan wuta, yanzu adashin sola yake zubi. Kada ka kuskura ka tuna masa cewa a 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Katsina zuwa Zariya, cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce mai littafi uku. Cewa zai yi ai lokacin babu waya.

Mata kuwa akwai wadda in alƙalaminta ya cije gida ne ke cin riba. A wanke labule, a goge bayan firji, a jera kwanukan da rabonsu da fitowa tun ranar buɗar kai. Maigida ya shigo ya ga ko'ina ƙal, sai ya ce, "Hajiya, babi na nawa ne ya ƙi?"

Mai goge-goge ba zan daɗe a kansa ba, don shi ma bai wuce layin farko ba. Shekara guda yana shawara ko labarin ya fara da yammacin Laraba ko da hantsin Alhamis.

Sai mai zargin maƙiya. Tun da wani abokin sana'a ya yaba masa littafi a taron marubuta, wai bai ƙara haɗa jimla ba, don haka yabon nan ba banza ba. Ya yi hayaƙi, ya canza wurin zaman tebur, ya daina sanar da sunan littafi mai fitowa. Abin da bai gwada ba shi ne zama a kan kujerar.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne gwanin teburin mai shayi. Wannan yana da labari, kuma mai kyau. Bayan isha zai zauna ya zayyana shi tun daga haihuwar jaruma har ranar da asirin baffanta ya tonu, yana sauya murya, yana buga benci, har mai shayi ya manta ƙwai a wuta. A yi dariya, a yi salati, wani ya biya masa kofi. Ya koma gida ya ɗauki biro, ya tarar babu saura: yunwar da ke sa mutum rubutu ita ce son a ji, shi kuma an riga an ji shi. Littattafai nawa ne suka ƙare a bakin tukunyar shayi, Allah kaɗai Ya sani.

Akwai kuma wanda bai taɓa yarda ya cije ba. Da labari ya tsaya sai ya auro wa jarumi kishiya. Ya sake tsayawa, sai haɗarin mota a hanyar Kaduna, a farfaɗo a asibiti an manta kowa. In duk sun ƙare, ya rubuta mu haɗu a littafi na biyu.

Waɗanda na ga sun warke, kusan duk tsayawa aka yi a kansu. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ce ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Victor Hugo na Faransa, da mai ɗab'insa ya matsa masa a 1830, kulle tufafinsa ya yi don kada ya fita, ya lulluɓa da mayafin ulu, a Janairun 1831 littafinsa na cocin Notre-Dame ya kammala. Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016, ilhamar wasu ba ta sauka sai daren da za a rufe karɓar labari.

Amma duk ba su kai marubuciyar WhatsApp ba, wadda masu karatu suka riga suka biya kuɗin shiga gurup. Ta wayi gari kai a cushe, ta rubuta cewa yau a yi haƙuri ba ta jin daɗi. Mutum biyu su ce Allah Ya ƙara sauƙi, ta uku ta ce, "Anti, ko dai a maido mana kuɗinmu ne?" Kafin la'asar babi ya fito, har da gyara.