Wayar "Gobe Zan Gyara"

Ni dai ban san abin da ya kai wayar wucin gadi tsawon rai a ɗakin sabar ba. Injiniya ya shigo ƙarfe biyun dare, barci na fizgarsa, ya ɗauko waya mai mita goma ya haɗa na'urori biyu da ke jere da juna, ya cusa ragowar a bayan rak, wato kantar da ake jera na'urorin, ya ce gobe zai gyara. Kafin shekara ta zagayo, bayan rak ɗin ya koma kamar kan da ya rabu da matsefi tun sallar bara. Sai a turo sabon ma'aikaci, bawan Allah, ya zare waya guda. Ya bi ta da yatsa, ya yi bismilla, ya ja. Fitila ta ɗauke a wani rak can daban, wayar aljihunsa kuma ta fara ruri, oga ne.

Don haka nake goyon bayan manhajoji irin su RackTables da NetBox, wadda Jeremy Stretch ya rubuta a kamfanin DigitalOcean aka sake ta kyauta a 2016. Rak faɗinsa inci 19 ne, ana lissafa tsayinsa da U, kowane U inci 1.75, yawanci guda 42. Manhajar tana nuna na'urar da ke kowane gurbi, ramin da kowace waya ta fito da wanda ta shiga, da layin wutar da kowace sabar ke sha. Wani zai ce Excel ya isa, ko kuma akwai dattijon da ya haddace komai a ka. To, dattijo yana tafiya hutu, Excel kuwa zai bar ka ka ajiye sabar biyu a gurbi ɗaya ko tari ba zai yi ba. Ga misalin abin da rashin sanin inda aka jona waya ke jawowa: a watan Agustan 2016 wuta ta ɗauke a cibiyar bayanan kamfanin jiragen sama na Delta da ke Amurka, sai aka tarar sabar kusan 300 cikin 7,000 ba a jona su da wutar ko-ta-kwana ba, aka soke tashin jirage kusan 2,300.

Masu cewa manhajar ma tana ƙarya suna da gaskiya, domin NetBox abin da aka gaya mata take riƙewa, ba ta leƙa bayan rak. Amma ita tana rubuta sunan wanda ya canza bayani da lokacin da ya canza, saboda haka akwai wanda za a kira. Sharaɗina ɗaya ne: duk wanda ya taɓa waya, kada a ba shi shayi sai ya shigar da ita a manhaja, ya kuma manna mata lamba a kai da gindi.