Rawar Kai Ba Ta Zaunar da Rawani

A 2019 Gwamna Ganduje ya ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu, Kibiya ta faɗa ƙarƙashin Rano. Nan take masu rawar kai suka bazama: wannan ya ruga wurin tela da shadda, wancan ya ciyo bashin rawani, har da mai gwada faɗuwa gaisuwa a tsakar gida.

A Mayun 2024 aka rushe masarautun, guɗa ta koma salati. A Yuli kuma aka dawo da Rano a daraja ta biyu, da Kibiya da Bunkure a ƙarƙashinta, aka sake naɗa rawanin a karkace, bashinsa ko ba a biya ba.

Jama'a, a riƙa bari labari ya kwana kafin a kira makaɗa.