Bitar Zaburar da Ma'aikata

Wata sabuwar al'ada ta shigo ofisoshinmu. Da zarar oga ya lura ƙarfe goma ta yi babu kowa a ofis sai masinja da fanka, ba zai tambayi rabon da a biya kuɗin hutu ba. Sai ya aika Abuja a kawo ƙwararre mai kwat da ƙaramar kwamfuta, a kama zauren otal na kwana uku, wai za a gano abin da ke sa ma'aikaci ya yi aiki.

Shi kuwa ƙwararre ba ya rasa ta cewa. Zai haska hoton dala a bango, ya ce ga yadda wani Ba'amurke, Abraham Maslow, ya jera buƙatun ɗan Adam a 1943: ci da sha da makwanci a ƙasa, cikar buri can a ƙoli. Sai ya yi tsalle ya haye ƙoli ya yi awa biyu a can, alhali mutanen da ke gabansa duk suna gindi, suna lissafin ko za a raba kuɗin mota kafin la'asar. Daga nan ya jawo Frederick Herzberg, wanda a 1959 ya ce albashi ba shi ke sa mutum son aikinsa ba. A nan ne oga ke farkawa daga gyangyaɗi ya tafa. Sauran zancen Herzberg, cewa idan albashin ya gaza ma'aikaci zai cika da ƙorafi, yakan faɗo ne daidai lokacin shan shayi, ba mai ji.

Akwai kuma labarin masana'antar Hawthorne da ke kusa da Chicago, inda aka ƙara wa ma'aikata hasken lantarki aiki ya ƙaru, aka rage hasken aiki bai ragu ba. Mu da masu ba mu wuta ke yi mana wannan gwaji kyauta kullum, har yau ba a turo kowa ya rubuta sakamakonmu ba.

Ai ƙasar nan ta daɗe tana gwaje-gwajenta. An gwada kuɗi: a 1974 hukumar Jerome Udoji ta ba da shawara aka ƙara albashi, aka haɗa da ariyas. Ma'aikata sun zabura ƙwarai, amma kasuwa suka nufa. Aka sayi rediyo da babur, wasu suka ƙaro aure, 'yan kasuwa kuma suka yi nasu Udojin a kan farashi. An gwada tsoro: a 1975 gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikata sama da dubu goma, waɗanda suka tsira suka koyi darasi guda, wato a tanadi na gobe tun yau. A 1984, zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon, soja sun sa masu makara tsallen kwaɗo. Mutane suka riƙa zuwa a kan lokaci, su zauna su karanta jarida a kan lokaci.

Mafi ƙarancin albashi kuwa hawa yake ta yi a takarda: naira 125 a 1981, 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, sai 70,000 a 2024, shekarar da kuɗin buhun shinkafa ya tsere wa albashin gaba ɗaya. Bayan cire tallafin mai a 2023, wasu jihohi sun ga ba su da abin ƙarawa sai suka rage ranakun zuwa aiki. Wannan dabara ta burge ni, domin a nan hukuma ta amince da jadawalin da ma'aikata suka daɗe suna bi.

To amma kada 'yan uwana ma'aikata su ɗauka yau ranar wanke su ce. Mun san mai rataye babbar riga a kujera tun safe, rigar ta yi aikin yini ita kaɗai. Mun san wanda in ya fita sallar azahar sai ya jira la'asar, kada ya wahalar da kansa da alwala biyu. Mun san fayil ɗin da ya ɓace wata shida, ya bayyana cikin minti biyar da aka ambaci na goro. Wanda ya ce waɗannan bayin Allah ba su da kuzari, ya zo ranar tantance ma'aikata. Kafin gari ya waye layi ya kai bakin titi. Mai ciwon baya ya miƙe, wanda ke Legas yana kasuwanci ya kwana a mota, ka ga fuskokin da ba ka taɓa gani ba, a ce maka shekararku goma a sashe ɗaya. Haka ranar da aka ce alat ya fara shiga, ko aka ji ana rubuta sunayen masu tafiya kwas. Kuzari yana nan, ya dai san inda ake biyansa.

Wanda nake tausayi shi ne akawun nan na kowane ofis, mai zuwa da wuri, wanda duk takarda mai wuya a teburinsa take kwana. Ladansa a ƙara masa fayil. In lokacin ƙarin girma ya zo, sai a tuna da wanda bai taɓa fashin sunan gidan oga ba, mai rusunawa da "Ranka ya daɗe" tun daga bakin ƙofa. Akawu kuma a ba shi takardar yabo mai firam, ya kai gida, uwargida ta juya ta gaba da baya ta ce, "Malam, a wane shago ake karɓarta?" Sauran ma'aikata suna kallo, kuma sun fi gane wannan darasi fiye da na ƙwararre. Ko bitar ma ba a sa sunan akawu, don in ya tafi wa zai riƙe ofis?

Ranku ya daɗe shugabanni, a bana ku bar ƙwararre ya huta a Abuja. Ku ɗauki kuɗin otal da na shayi ku biya ariyas ɗin da ya kwanta, ku fitar da albashi kafin wata ya mutu, ku duba fayil ɗin ƙarin girman akawu. In kun yi haka wata shida ofis bai cika ba, ku kira ni, ni ma ina da kwat.