Wasiƙa Daga Bronx Zuwa Ga Taubashina A Maikujera



Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da tambayar lafiyarka da ta iyali, da ta Kawu da Inna, da ta duk mai tambayata daga Maikujera har Rabah, ina sanar da kai cewa labari ya iso mini na shelar da ka yi a kasuwa, wai taubashinka ya zama alƙalin alƙalan Amurka, har ga shi mutane sun fara aiko mini da ƙarar iyakar gona da ta bashin albasa ta WhatsApp. To, sai ka koma inda ka yi shelar ka gyara ta, domin ni ɗalibi ne mai karatun sha'anin laifi da shari'a a Bronx Community College, cikin birnin New York.

Irin wannan kwaleji, wadda hukuma ke kafawa don 'ya'yan talakawa da baƙi, shekara biyu ake yi a cikinta, kuɗinta bai kai na manyan jami'o'i ba, kuma an tsara darussanta yadda wanda ya yini yana tuƙin tasi zai zauna aji da dare. Tamu an kafa ta a 1957, wanda ya gama da sakamako mai kyau kuwa yana iya wucewa kwalejin John Jay, wadda ta ci sunan babban alƙalin Amurka na farko, ya ƙara shekara biyu ya karɓi digiri. Karatun ya kasu uku: aikin 'yan sanda, da aikin kotu, da sha'anin gidan yari.

A fannin 'yan sanda, mu da muka saba da runduna ɗaya mai karɓar umarni daga Abuja, tun da aka shigar da 'yan doka cikinta bayan juyin mulkin 1966, abin mamaki ne mu ji cewa Amurka tana da hukumomin 'yan sanda wajen 18,000, kuma a galibin gundumomi jama'a ne ke zaɓen babban jami'in tsaronsu da ƙuri'a. Da haka ake yi a Rabah, na tabbata da tuni ka sayi huhun goro ka shiga takara. Sa'an nan, tun hukuncin Miranda na 1966, wajibi ne ɗan sanda, kafin ya yi wa wanda ya kama tambaya, ya sanar da shi cewa yana da ikon yin shiru da ikon neman lauya, wanda ba shi da hali kuma hukuma ce za ta ɗaukar masa. Ranar da malaminmu ya karantar da wannan babi kai ka faɗo mini a rai, domin haƙƙin yin shiru asara ne a ba ka shi: kafin a kai ƙofar ofis ka faɗi abin da aka tambaye ka da wanda ba a tambaye ka ba, har da yawan damin da ke rumbun Kawu.

A kotu kuwa, idan laifi babba ne, galibi talakawa goma sha biyu ake zaɓowa su saurari shaidu, kuma ba a kama mutum da laifi sai bakinsu ya zo ɗaya, ko da za su yi mako suna muhawara. Kai da fura ke kwantar da kai kafin azahar, sai an sa maka mai tashi. An kuma koya mana ɗaukar zanen yatsa, wanda ko na tagwaye ba ya zuwa ɗaya, saboda haka ka shirya, domin ranar da na dawo za mu sake buɗe shari'ar zumar Inna da ta ɓace muna yara, wadda aka ɗora wa kyanwa alhali kai ne aka gani da ƙuda a baki.

Amma, ɗan'uwana, kada raha ta rufe mana abin da ya fi damuna. Ƙasar nan, duk da wannan tsari, tana tsare da mutane kusan miliyan 2 a gidajen yari, kuma fiye da tara cikin goma na waɗanda aka hukunta ba su tsaya gaban mutum goma sha biyun nan ba, sun amsa laifi ne don a sassauta musu. Talaka kuwa, idan tsarewa ta gajiyar da shi, yana iya amsa abin da bai aikata ba. A 1989 aka kama yara biyar a birnin nan kan wani mummunan laifi da aka yi a Central Park, suka yi iƙirari bayan doguwar tuhuma, aka ɗaure su shekaru, sai a 2002 mai laifin na haƙiƙa ya fito ya faɗa, gwajin ƙwayar halitta kuma ya gaskata shi. Ɗayansu, Yusef Salaam, an zaɓe shi ɗan majalisar birni a 2023.

Ka sani mu ba baƙi ba ne a wannan ilmi. Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa Diya'ul Hukkami don shiryar da masu mulki, alƙalanmu sun tashi da littattafan Tuhfa da Mukhtasar, waɗanda suka ɗora wa mai da'awa kawo bayyina, fiƙihu kuma ya hana tsayar da haddi a kan shubha; Sardauna, haifaffen Rabah, shi ya tara masana shari'a daga Sudan da Pakistan da Ingila a 1958, aikinsu ya haifar da kundin hukunta laifuka na Arewa wanda ya fara aiki a 1960. Abin da ya yi mana ƙaranci yau shi ne mai bincike wanda ya san aikinsa. Tun kisan Tabanni a 2018 da na kasuwar Goronyo a 2021, mun ga yadda jini ke jawo jini idan ba a gano mai laifi an gurfanar da shi ba, sai masu fushi su ɗauki doka a hannunsu su faɗa wa wanda bai ji ba bai gani ba. Wannan ya sa na ɗauki karatun nan, da niyyar in dawo da shi gida in Allah ya yarda.

Kuɗin shara na aiko ta hannun Kawu, kada ka ce ba ka gani ba. Idan ka je ziyara Wurno ka sa ni a addu'a. Yaran gida kuma, maza da mata, ka tsaya su yi karatu, domin ƙasarmu tana bukatar masu tabbatar da laifi da hujja kafin a yi hukunci. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Wassalam,
Naka taubashi.