Zuwa ga Mai Girma Hayaƙin Sigari

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ake yi wa baƙon da ba a gayyata ba, ina rubuto maka daga Garwa kan abin da ka aikata daren jiya. An ɗauke wuta tun magariba, zafin Afrilu kuwa ka san shi a garin nan, ruwan randa ma ɗumi yake yi. Dole muka ɗage labulen ɗakin ƙanwata, wadda ko arba'in ba ta yi ba, ko iskar Binuwai za ta tausaya mana. Iska ba ta zo ba, sai kai. Maigidanta na kan benci a bakin ƙofa ya kunna kara, wai shi ai a waje yake sha. Ka shigo ba sallama, ka ratsa gidan sauro, ka sauka kan jariri.

Da shi ya kamata in yi maganar nan, amma ni yayar matarsa ce, akwai kunya tsakaninmu. Kai ba ka da ita, don haka saurara.

Tun cikinta na wata bakwai barci ya ƙaurace wa yarinyar nan. Yanzu ga wankan jego safe da yamma, kunun kanwa ba ya shiga, sai kuka ba dalili. Ta kan zura wa ɗanta ido ta ce, "Yaya, ni fa ba na jin komai a raina." Tsofaffin gida suka ce iska ce, aka kawo turare, wato aka ƙaro mata hayaƙi. Uwar miji ta ce shagwaɓar haihuwar fari ce. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da larurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa, kuma yana da magani. Masu bincike sun sha ganin cewa masu cikin da ke shaƙar tabar wasu sun fi faɗawa cikinsa. Na san za ka ce ba kai kaɗai ba ne, akwai talauci, akwai rashin barci. To, ɓarawon da kullum ake tarar da shi cikin ayarin da aka kama, sai ya yi bayani.

Kai, wane irin marar imani ne kai? Sinadarai sama da 7,000 kake ɗauke da su, kusan 70 masu jawo ciwon daji ne. Gubarka na ƙwace wa ɗan tayi iskar da jinin uwa ke kai masa, a haife shi ba nauyi. Nikotin ɗinka har cikin nono yake bi. Idan an kore ka daga ɗaki sai ka laɓe a rigar uban, ya zo ya rungumi yaro yana "babana, babana". Uwar kuma ko dala ba ta taɓa kashewa a kanka ba!

Wai Kamaru ta shiga yarjejeniyar yaƙi da taba tun 2006. Daga 2019 aka manna wa kwalinka hotunan ban tsoro da suka cinye kashi 70 na fuskarsa. Madalla. Sai dai mai tebur kara ɗai-ɗai yake sayar da kai, hoton na kallon cikin aljihun tebur. A 2022 aka haramta ƙanwarka shisha, kai babban yaya kana nan kana yawo gida-gida.

Ramin da ka huda a dardumar salla na bar ka da Allah. Haka kuɗin naman maijego da ka cinye.

Jibi ranar rigakafi ce. Zan raka ƙanwata asibiti in zayyana wa malamar jinya komai, kukan da rashin barcin da bencin bakin ƙofa, in roƙe ta ta aika a kira maigidan. Ita babu surukuta tsakaninta da shi, bakinta kuma na san shi. Idan bai ji ba, kawunsa na nan da rai.

Wadda ke shaƙar ka ba da son ranta ba,
Yayar maijego, Garwa